Boko da Tamaula: Wai Da Gaske Taura Biyu Ba Ta Taunuwa?

  Masu saurare a waya, da ku da kuke jira sai an buga muku a rubuce saboda data ta yi tsada, duk ina gaishe ku.

Yau babu baƙo, ni kaɗai ne. Kuma tun kafin in yi nisa bari in gaya muku, maganar da zan yi ɗin nan ta jawo mini baƙin jini a garinmu. Sati biyu ke nan akwai majalisar da in na doso sai a yi tsit. Akwai wanda muka tashi tare, yanzu in na yi masa sallama da ka yake amsawa. Duk a kan me? A kan ƙwallo. Ƙwallon ma ta yara 'yan sakandare.

Ga yadda aka yi. Mu wasu matasa ne daga Gwarzo da Kabo, 'yan sa-kai, muke haɗa 'yar gasa ta ɗalibai lokacin hutu. Karo-karo muke yi mu sayi ƙwallaye da raga, mu sallami alƙalin wasa, mu sayi ruwan leda. Yara suna zuwa daga Getso, daga Kutama, daga Lakwaya, daga Garo da sauran garuruwa. To a zaman kwamiti na bana sai na ɗaga hannu na ce ina da shawara. Na ce tunda mun kira ta gasar ɗalibai, duk yaron da zai buga ya kawo takardar sakamakonsa ta zangon da ya wuce, kuma wanda ya faɗi Turanci da Lissafi duka biyun ya huta bana. Kowa ya ce madalla. Aka yi na'am, aka sha shayi, aka watse. Babu wanda ya kawo a ransa cewa wuƙar za ta fara ne da wuyan wanda ya fi kowa iya ƙwallo.

Lamba taran wata ƙungiya ne, ɗan aji biyu na babbar sakandare. Ba zan kama sunansa ba, ko sunan makarantarsu. Yaron nan in ya ɗauki ƙwallo sai ka ji fili ya ɗauki ihu. Ƙafa biyu yake bugawa, ga gudu, ga kai. Da takardarsa ta zo sai muka ga jan biro ya fi baƙi yawa. Lissafi ya faɗi, Turanci ya faɗi, ranakun da bai zo makaranta ba sun kusa kai na zuwansa.

Washegari bayan Magariba kocinsu ya same ni a ƙofar gida. Ya girme ni nesa, Yaya nake ce masa. Ko zama bai yi ba. Ya ce, "Ƙanena, kai don ka je jami'a shi ke nan sai ka dawo ka kashe mana ƙwallo? Yaron nan abu ɗaya Allah ya ba shi, shi ma za ka ƙwace?" Na ce, "Yaya, ka zauna mana mu yi magana." Ya ce babu maganar da za mu yi, ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Zan dawo kan maganarsa, don wallahi akwai gaskiya a cikinta, kuma ta hana ni barci. Amma bari in fara gaya muku inda na samo wannan taurin kan nawa.

Waɗanda muke sa'anni za su tuna 2013 da 2014. A 2013 Golden Eaglets suka ɗauko kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Manu Garba ne koci, kyaftin ɗinsu kuma Musa Muhammed ɗan Kano. Kano Pillars ta ɗauki kofin lig sau uku a jere, 2012, 2013, 2014. Ahmed Musa, wanda ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Pillars kafin ya tafi Holan a 2010, ya zura wa Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014. Kai, a lokacin nan babu yaron da ke da ƙafa a yankinmu da bai ga kansa a Turai ba. Ni ma ina ciki. Ina cikin 'yan wasan makarantarmu, sai dai gaskiya ɗan benci ne ni, in an sa ni to wani ne ya ji ciwo.

Muka kai wasan kusa da na ƙarshe a wata gasar makarantu. Ana gobe wasa malamin wasanni ya kira mu mu uku, duk 'yan benci. Ya ce gobe kowa ya kawo rigar makarantarsa da katinsa, amma ba za mu buga ba. Da safe sai ga wasu ƙarti uku. Ɗaya na san shi sarai, faci yake yi a bakin tasha, ya aske gemu ƙwal, har wurin ya yi fari. Shi ne ya sa rigata. Da aka zo kiran suna aka kira sunana, ya amsa da wata murya kamar ta mai unguwa. Ɗaya makarantar ba su yi ƙorafi ba, ka san dalili? Su ma sojojin hayarsu huɗu ne a fili. Muka ci biyu da ɗaya. Ranar Litinin a asambuli shugaban makaranta ya kira sunana cikin waɗanda suka ɗaga martabar makaranta, aka tafa mini. Na tsaya ina murmushi kamar gaske.

A lokacin dariya abin ya ba ni. Sai daga baya na gane darasin da aka koya mana ran nan, kuma malamai ne suka koyar da shi: in dai za a ci, to sojan gona ba laifi ba ne. Ka gaya mini, yaron da ya ga haka da idonsa, in ya shiga ɗakin jarrabawa wani ya ce zai zauna masa, da wane baki zai ce a'a?

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne lamba gomanmu. Abokina ne na ƙut da ƙut, benci ɗaya muke zama tun ƙaramar sakandare. Shi ba haya aka ɗauko shi ba, ɗalibi ne na gaske, kuma ya fi ni ƙwaƙwalwa, wannan ko a gaban kowa zan faɗa. Tun da aka gane ya iya ƙwallo aka ɗauke masa komai. Ba ya shara, ba ya makara ko da ƙarfe goma ya zo. In ana darasi aka leƙo ta taga aka ce ana nemansa a fili, sai malami ya ce tashi ka je. In an yi tes ba ya nan, a sa masa maki. Kowa yana ganin gata ake yi masa. Da jarrabawar kwalifayin ta zo, wadda sai ka ci gwamnatin jiha take biya maka kuɗin NECO, a nan asiri ya fara tonuwa, don masu duba takardar ba su taɓa ganin yankansa a fili ba. Ya faɗi. Mahaifinsa ya yi ƙoƙari ya biya masa. Sakamako ya fito babu kiredit biyar, babu Turanci, babu Lissafi.

Ko a jikinsa. Ya ce ai shi Turai za shi.

Bayan shekara biyu, ina jami'a a Kano, sai ga shi ya zo har ɗakinmu da wata takarda a cikin leda, ya lulluɓe ta kamar sabon jariri. Ya ce wani ajan ne ya samo masa kulob a waje, ga kwantiragi. An riga an sayar da bijimin huɗar gidansu an ba mutumin kuɗin biza da na jirgi. Ya ce in karanta masa sashen albashi. Jama'a, na karanta takardar nan sau uku ina neman inda zan fara. Babu albashi a ciki. Babu ma kwantiragi. Wasiƙar gayyata ce zuwa gwaji, layi shida, kuma an rubuta ƙarara cewa kulob ɗin bai ɗauki nauyin komai ba. Turancin da ke ciki bai fi na ɗan aji uku na ƙaramar sakandare ba. Wanda ya fi ni ƙwaƙwalwa a aji ɗaya, shi ne ya kasa karanta layi shida da suka cinye musu sa. Ajan ya kashe waya. Bayan shekara guda gwiwarsa ta goce a wani wasan kofin ɗan siyasa, aka kai shi wajen mai ɗori, shi ke nan ƙwallo ta ƙare. Yanzu yana sana'arsa, yana riƙe da iyalinsa, alhamdulillahi, kuma babu sana'ar da ta zama abin kunya. Amma kofin da ya ciyo wa makarantar yana nan a ofis yana shan ƙura, kuma cikin waɗanda suka riƙa ce masa tashi ka je, babu wanda ya taɓa zuwa ya tambayi yadda gwiwar ta kwana.

To kun ji inda na fito.

Da rigimar bana ta taso sai na ce bari in duba yadda wasu suka yi da wannan matsalar, don ba mu muka fara ba. Inda abin ya fi ƙamari a duniya shi ne jami'o'in Amurka. Sai dai ku lura, tasu ƙwallon ba irin tamu ba ce, waccan ce mai kama da gwanda da ake runguma a ruga, ana sanye da hular kwano. A can ƙwallon jami'a babbar kasuwa ce. Filin wasan Jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000, wato ya ninka filin Sani Abacha na Ƙofar Mata sau da yawa, kuma na makaranta ne fa. Akwai masu horarwa da ke karɓar sama da dala miliyan 10 a shekara, fiye da shugaban jami'ar da ya ɗauke su aiki. Kocin da ya san in bai ci wasa ba za a kore shi, kana jin zai damu da ko yaro ya shiga lakca? Alhali cikin 'yan wasan nan, waɗanda ake ɗauka zuwa babbar gasar ƙwararru ta NFL ba su kai biyu cikin ɗari ba.

Akwai wani shahararren ɗan wasansu, Dexter Manley. Ya yi shekara huɗu yana buga wa Jami'ar Jihar Oklahoma, ya zama tauraro a NFL, sannan a 1989 ya tsaya gaban wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya faɗa da bakinsa cewa duk tsawon lokacin nan bai iya karatu ba. Da na ga labarin nan abokina kawai na tuna. Ƙasar ce ta bambanta, da yawan kuɗin.

Hukumar da ke kula da wasannin jami'o'insu, NCAA, ta yi ta kafa dokoki. Yanzu kafin ka buga a rukuni na ɗaya a shekararka ta farko, sai matsakaicin makinka na sakandare a manyan darussa ya kai 2.3 cikin 4. Sun ƙayyade cewa atisaye da wasa kada su wuce awa 20 a mako lokacin kakar wasa. Amma wadda ta fi burge ni ita ce wani ma'auni da suka shigo da shi wajajen 2004, suna ce masa APR. Ku saurara da kyau, don a nan dabarar take. Kowane ɗan wasa da ke kan tallafin karatu, a kowane zango yana samo wa ƙungiyarsa maki biyu: ɗaya in karatunsa bai faɗi ƙasa da ƙa'ida ba, ɗaya kuma in bai bar makaranta ba. Sai a tara na ƙungiya gaba ɗaya a auna shi a kan 1,000. In matsakaicin shekara huɗu ya gaza 930, ana iya hana ƙungiyar shiga wasannin cin kofi na ƙarshen kaka. Kun ga bambancin? Ba yaron kaɗai ake kamawa ba. Kocin ma in ya yi sakaci da karatun yaransa, kofin da yake kwaɗayi ne zai kuɓuce masa. An taɓa hana ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Connecticut shiga gasar 2013 saboda wannan, alhali su ne suka ɗauki kofin ƙasa a 2011.

Sai dai kada ku yi saurin tafi. Ɗan Adam in ka toshe ƙofa taga yake nema. A Jami'ar North Carolina, wani bincike da aka fitar a 2014 ya gano cewa daga 1993 zuwa 2011 an yi ta gudanar da wasu kwasa-kwasai na bogi. Babu lakca, babu malami a aji, takarda ɗaya za ka rubuto, wata ma'aikaciyar ofis da ba malama ba ta ba ka maki mai tsoka. Ɗalibai kusan 3,100 suka bi ta wannan hanya, kusan rabinsu 'yan wasa ne, da yawa an tura su can ne don makinsu ya kai su ci gaba da bugawa. Shekara 18 ana yi! Kuma a 2017 NCAA ta ce ba ta da hurumin hukunta jami'ar a kan kwasa-kwasan, tunda ba 'yan wasa kaɗai suka amfana ba. Wato abin da malamanmu suke yi da jan biro a ɗakin malamai, su sun yi shi da kwamfuta da sunan kwas.

Wannan ya sa jikina ya yi sanyi da dokar tawa. Domin in na ce sai ka kawo sakamako mai kyau za ka buga, me na yi? Na ɗora wa malamin Lissafi matsin lamba ke nan. Gobe koci zai same shi, shugaban makaranta zai kira shi, wataƙila har wani mai faɗa-a-ji a gari ya aiko. Maki 28 zai koma 48. Kuma na ga alamar haka tun bana, don akwai takardu biyu da suka zo mana an kankare an gyara, har takardar ta kusa hujewa.

A jihar Texas ma, tun 1984 suka yi doka ga 'yan sakandare: duk wanda ya kasa samun maki 70 a ko da darasi ɗaya, zai yi sati shida ba ya wasa. Aka yi ta kai ruwa rana da iyaye da masu horarwa, har kotu. A 1995 suka rage shi zuwa sati uku, kuma suka bar yaro ya ci gaba da atisaye da 'yan'uwansa. Su ma da suka fara da zafi, daga baya sun gane cewa in ka raba yaro da fili gaba ɗaya, ba lallai ne aji zai koma ba.

Mu dawo gida. Abin da ke ba ni mamaki da ƙasar nan shi ne, a sakandare muna cinye karatun yaro saboda ƙwallo, a jami'a kuma sai a juya, ƙwallon ce ba ta da daraja ko ta sisi. Muna da gasar NUGA tun 1966 da aka fara a Ibadan. An fara lig ɗin manyan makarantu na HiFL a 2018, Jami'ar Aikin Gona ta Makurdi ta ɗauki kofin farko. Amma ka tambayi duk wanda ya taɓa buga wa jami'arsa. Na zauna ɗaki ɗaya da wani mai tsaron raga. Ya tafi wakiltar makaranta da takardar izini a hannu, ya dawo ya tarar an yi tes. Malamin ya ce masa shi bai san wata ƙwallo ba, ya je filin ya ba shi maki. Ya kwashi kari-oba. Shekara ta gaba ya ajiye safar hannunsa, kuma ban ga laifinsa ba.

Alhali taurar nan biyu an taɓa tauna ta a ƙasar nan, a gaban kowa. Tawagar Green Eagles da ta ɗauki kofin Afirka a Legas a 1980, ta ci Aljeriya uku da nema: Segun Odegbami da ya ci biyu a wasan ƙarshen injiniyanci ya karanta a kwalejin fasaha ta Ibadan. Adokiye Amiesimaka lauya ne, ya karanta shari'a a Jami'ar Legas yana buga wa ƙasa, daga baya har ya zama kwamishinan shari'a na Jihar Ribas. Felix Owolabi, wanda ya buga wa Raccah Rovers ta nan Kano, kulob ɗin da ya ɗauki lig a 1978, ya yi karatu har digirin digirgir. A zamaninmu ma Wilfred Ndidi yana tsakiyar buga wa Leicester ya shiga Jami'ar De Montfort yana karatun kasuwanci. Su waɗancan na 1980 ɗin daga wasannin makarantu aka tsinto da yawansu, lokacin da in an ce ɗalibi ne to ɗalibin ne.

Mu kuwa mun ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 har sau biyar, babu ƙasar da ta kai mu, amma a 2016 'yan wasa 26 suka faɗi gwajin na'urar MRI ta tantance shekaru ana dab da wasa da Nijar, kuma Nijar ɗin ta fitar da mu. Duk lokacin da na tuna wannan sai in tuna mai facin nan da rigata. Daga irin filinmu abin yake farawa.

Yauwa, yanzu maganar Yaya koci. Bayan kwana huɗu na je na same shi da kaina a fili, ya gama atisaye yana tattara ƙwallaye a buhu. Wannan karon ya saurare ni, ni ma na saurare shi. Ya ce, "Ka san me ya sa yaron nan ba ya zuwa makaranta? Tun da damina ta faɗi shi ne a gona, babansa ba shi da lafiya. Ka san su nawa ne a ajinsu? Ka je ka ƙirga, wasu a ƙasa suke zaune. Ka san zango guda suka yi ba su da malamin Lissafi? Wanda bai ba su malami ba yana ofis a zaune, kai kuma ka zo ka hukunta yaro." Ya ce, "Sa'anninsa nawa ne suke bayan gari suna shaye-shaye? Shi wannan ƙarfe huɗu yana nan wurina. Kuma ba don ƙwallon makaranta ba, da tuni ya ajiye biro gaba ɗaya. Igiya ɗaya ce ta ɗaure shi da ajin nan, ita kake son tsinkewa."

Na rasa abin cewa. Domin gwamnati da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano a watan Yunin 2024, wato ita ma ta yarda akwai gyara babba. Su Amurkawan da nake ta kawo misalinsu, ɗan wasansu yana da masu yi masa darasi na musamman, ga abinci, ga ɗaki, ga likita, tun 2021 ma an ba su damar samun kuɗi da sunansu. Ni kuwa na ɗauko rabin tsarin, rabin hukunci, na bar rabin taimako a can. Wannan kuskurena ne, na amsa shi a gabansa, kuma ina amsa shi a nan.

Amma na ce masa, "Yaya, ni ma ka ji tawa. Kai kana ganin yaron nan a shekara 17. Ni na ga irinsa a shekara 28. Ranar da wani zai miƙo masa takarda ya ce sa hannu, ba ka nan, ni ma ba na nan. Ko dokar FIFA da ta hana a kai yaro ɗan ƙasa da 18 kulob ɗin wata ƙasa, in ba da wasu 'yan sharuɗɗa ba, yaranka nawa ne suka san da ita? Cikin duk yaran da ka horar shekara goma sha, nawa ne suke cin abinci da ƙwallo yau?" Ya yi shiru yana ƙirgawa a zuci. Bai faɗi adadin ba, ni ma ban matsa ba.

Muka koma kwamiti, aka yi zama mai zafi har bayan Isha. Wasu suka ce a soke dokar baki ɗaya. Wani ya ce in an soke shi ya fita. Abin da muka tsaya a kai, ban ce shi ne daidai ba, gwaji ne. Mun daina duba maki, tunda maki ana iya gyara shi da biro. Rajistar aji za mu riƙa dubawa, mu je makarantar da ƙafarmu, mu ga yaron a ajinsa kafin hutu, don maganin sojan haya. Duk ƙungiyar da aka kama da wanda ba ɗalibi ba, ƙungiyar ce za ta fita, kocin kuma ya huta shekara guda. Yaron da karatunsa ya yi ƙasa ba za a kore shi ba, amma sai ya zauna darasin awa ɗaya kafin atisaye, sau biyu a mako, a nan gindin bishiyar bakin fili. Mu da muka gama jami'a muke zaune ba aiki, mu ne malaman. In bai zo darasi ba a makon, ba ya buga wasan makon. Sannan samarin gari da ba 'yan makaranta ba, masu faci da 'yan kasuwa da almajirai, za mu buɗe musu rukuninsu daban, don su ma suna son bugawa, kuma rashin wurin bugawar ne yake sa su karɓi rigar wani.

Wani a kwamitin ya ce to in babu lamba taran nan a wasan farko 'yan kallo ba za su zo ba, kuma mai ba mu gudummawar lemo zai janye. Wataƙila gaskiyarsa ne. Za mu gani.

Shi yaron, darasi huɗu aka yi zuwa yanzu, ya zo biyu. Na farko ko littafi bai kawo ba, ya zauna can baya yana murza ƙwallo da ƙafa, ko kallona ba ya yi. Na biyun na ce musu, ajan ya ce zai ɗauki kashi 15 cikin ɗari na albashinka, albashin naira 200,000 ne, nawa zai bar maka? Sai na ga ya ɗago. Ya ari biro a hannun na kusa da shi, ya yi ta fama a bayan wata takardar magani. Ya kawo amsa ba daidai ba. Ya sake, ya kawo 170,000. Sannan ya ce, "Yaya, to in ya ce shi zai riƙe fasfo ɗina fa?" Na ce wannan darasin Alhamis ne, ka zo da littafi.

Ranar Alhamis ɗin bai zo ba, an ce suna gona. Wasansu na farko Asabar ne da la'asar, kuma bisa ƙa'idar da muka sa, sai ya zo na Talata da na Alhamis ɗin wannan makon kafin ya sa riga. Yaya koci ya ce shi da kansa zai ɗauko shi a babur. Har yanzu dai bai dawo amsa mini gaisuwa da baki ba.

Malamai da masu horarwa da ke saurare, musamman na Kabo da Ƙaraye da Rimin Gado, in kun taɓa gwada wani abu makamancin wannan ku turo mana saƙon murya, ko ya yi aiki ko bai yi ba, za mu saka a shiri na gaba. Wanda kuma yake nan kusa ya iya Lissafi, muna neman mutum biyu ranar Talata ƙarfe uku, allo ɗaya gare mu.